Yadda Ake Rubuta Ƙagaggen Labarin Tarihi a Kan Riƙe Bangaskiyar Kirista a Lokacin Tsanani

Duk wanda ya tashi a gidan Kirista a ƙasar Hausa ya ji labarin Istifanus da aka jejjefe da duwatsu, ya ji na Daniyel a ramin zakoki da na abokansa uku a cikin tanderun wuta, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wata rana ya ji yana son ya rubuta nasa labarin, wanda zai ɗauki mai karatu ya kai shi wani zamani da ya shuɗe, ya nuna masa mutumin da aka ce wa ko ya bar bangaskiyarsa ko ya rasa ransa. Irin wannan rubutu yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin abin da ya fi saurin zuwa hannun marubuci shi ne wa'azin da aka saka wa rigar labari, inda jarumi bai taɓa jin tsoro ba, azzalumi bai taɓa jin tausayi ba, ƙarshen kuma kowa ya hango shi tun daga shafin farko. Labarin ba zai kama zuciya ba sai mai karatu ya ga cewa musun bangaskiyar abu ne mai sauƙi, mai hujja, wanda shi kansa zai iya aikatawa, sannan ya ga wani mutum irinsa ya ƙi aikatawa. Duk shawarwarin da ke biye suna hidima ne ga wannan manufa.

Da farko ka zaɓi zamani da wuri waɗanda suka bar shaida a rubuce. Akwai Yuganda tsakanin 1885 da 1887, lokacin da Sarki Mwanga na Biyu ya sa aka kashe samarin fadarsa da suka karɓi Kiristanci, aka ƙone da yawa daga cikinsu a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886. Akwai Madagaska, inda Sarauniya Ranavalona ta Farko ta haramta addinin a 1835. Akwai Japan, inda aka hana shi a 1614, masu bi suka ɓoye kansu sama da shekara 200, ana tilasta wa mutane su taka hoton Almasihu da ƙafa domin a gane mai bi. Amma ga marubucin da ke zaune a Sakkwato kuma wannan ne littafinsa na farko, ni dai Arewacin Afirka a ƙarƙashin daular Rum nake ba da shawara, musamman birnin Kartaj, wanda kufansa ke kusa da birnin Tunis na yau. Ƙasa ce ta nahiyarmu, tsallaken hamada kawai, mutanenta manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, kuma takardun da suka rage daga wancan zamani suna da yawa har marubuci ba zai rasa abin dogaro ba.

Za a iya tambaya, me ya sa ba za a ɗauko abin da ya faru a nan gida ba? Abubuwan da suka faru a Arewa a shekarun baya-bayan nan, har da cikin birnin nan namu, ba su zama tarihi ba tukuna. Iyayen waɗanda aka rasa suna raye, maƙwabta suna haɗuwa a kasuwa, kuma ƙagaggen labari, wanda aikinsa ne ya ƙirƙiri magana ya saka a bakin mutane, zai iya zama ƙazafi ga wani ko fami ga wani. Wannan fage na ɗan jarida ne da alƙali da mai ba da shaida. Ko labarin Isawa, masu girmama Annabi Isa na musamman, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19, waɗanda wasu daga zuriyarsu suka zauna a Gimi ta ƙasar Zazzau daga baya suka koma Wusasa, yana bukatar hannun da ya ƙware, domin akasarinsa da baki aka adana shi, kuma masana sun bambanta a kan yadda za a fassara akidarsu. Ka bar shi sai alƙalaminka ya nuna.

Bayan zaɓen zamani sai karatu, kuma ka fara da takardun mutanen zamanin kafin littattafan da aka rubuta a kansu. An fassara su zuwa Turanci tun da daɗewa, ana samunsu kyauta a intanet, sannan ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da malaman sashen tarihi za su iya nuna maka hanya a kan daular Rum. Takardar da ya kamata kowane marubuci a wannan fage ya karanta ita ce wasiƙar da Filini, gwamnan lardin Bitiniya da ke cikin Turkiyya ta yau, ya aika wa Kaisar Tirajan wajen shekarar 112. Ya bayyana cewa yakan tambayi wanda aka kawo ko shi Kirista ne, ya maimaita har sau uku yana gargaɗi, wanda ya tsaya a kan bakansa sai a kashe shi, wanda kuma ya roƙi alloli, ya miƙa turare da ruwan inabi ga siffar Kaisar, ya zagi Almasihu, sai a sallame shi. Ya ce da ya bincika bai sami komai ba sai cewa suna taruwa kafin ketowar alfijir a wata rana da suka ware, su rera waƙa ga Almasihu, su yi alkawarin ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba. Tirajan ya amsa cewa kada a bi su gida gida ana nema, kada kuma a karɓi ƙarar da ba ta da sunan mai ita.

A cikin wannan wasiƙa akwai wata jimla da mai neman labari bai kamata ya wuce ta ba. Filini ya ambaci cewa naman dabbobin hadaya ya yi kwantai, masu saye sun yi ƙaranci, sai da aka fara hukunci kasuwar ta farfaɗo. Ke nan a bayan ƙarar da aka kai akwai mai yiwuwa wani mahauci ko dillalin dabbobi wanda cinikinsa ya mutu, yana da iyali, yana da bashi a kansa. Ka je kasuwar Kara da sassafe ka tsaya kusa da dillalai, ka saurari yadda suke magana ranar da ciniki ya ƙi, ka ga yadda mutum ke shafa bayan rago yana lissafin asara. Mutumin da zai kai ƙarar jaruminka ya fito daga nan, kuma idan ka rubuta shi da gaskiya mai karatu zai ji haushinsa, ya kuma gane shi.

Daga nan sai ka gano takamaiman abin da aka bukaci mai bi ya yi, ka kuma rubuta shi da ƙanƙantarsa. A shekarar 250 Kaisar Desiyus ya ba da umarni kowa a daular ya miƙa hadaya ga alloli a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, kuma abin da ke cikinsu kaɗan ne: sunan mutum da garinsu, furucin cewa ya zuba abin sha na hadaya, ya miƙa hadaya, ya ɗanɗani naman, sai sa hannun jami'ai da kwanan wata. Babu wanda ya ce masa ya daina addu'a a ɗakinsa. Ka sa jaruminka a cikin wannan layi. Rana ta take, hayaƙin turare da ƙaurin nama sun cika filin, maƙwabcinsa da suka yi sujada tare ranar Lahadi yana gabansa, ya ɗebi turaren da yatsu uku ya watsa a garwashi, ya karɓi 'yar tsokar nama ya tauna, magatakarda ya rubuta sunansa ba tare da ya ɗaga kai ba, ya wuce gida wurin 'ya'yansa, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya rubuta da baƙin ciki cewa mutane da yawa da ƙafarsu suka ruga dandali tun kafin a kira su, har yamma ta yi jami'ai suka ɗaga wasu zuwa gobe. Wasu kuma suka bi ta bayan fage, suka ba magatakarda kuɗi ya rubuta musu takardar ba tare da sun taɓa hadayar ba. Wannan hanya ta uku ita ce taskar marubuci, domin ita ce za ta sa mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa ko laifi ne. Ka sa wani mai ƙaunar jarumin, kawunsa ko surukinsa, ya sayo masa takardar da kuɗinsa, ya kawo masa har gida da daddare ya ajiye a kan tabarma.

Matsin da ya fi nauyi daga cikin gida yake fitowa, kuma babu inda aka nuna wannan kamar a labarin Farfetuwa, wadda aka kashe a filin wasa na Kartaj a shekarar 203 tana da kimanin shekara 22, da jariri a nono. Wani ɓangare na labarin daga bakinta aka adana shi. Mahaifinta, wanda ba mai bi ba ne, ya yi ta zuwa kurkuku yana roƙonta ta tausaya wa furfurarsa, ta tuna da mahaifiyarta da ɗanta, ya sumbaci hannuwanta, ya faɗi a ƙafafunta yana kuka. Ranar shari'a ya zo da jaririn a hannu, da ya matsa sai mai mulki ya sa aka buge shi da sanda, ita kuma ta ce ta ji dukan kamar a jikinta. Bahaushe, wanda aka rena a kan cewa bin iyaye wajibi ne kuma bakin uba abin tsoro ne, zai fahimci nauyin wannan fiye da masu karatu da yawa a duniya. Don haka kada ka bar jarumarka ta yi wa mahaifinta wa'azi ko ta ɗaga masa murya. Ga irin yadda zancen zai iya tafiya:

"Ɗiyata, ban taɓa roƙonki komai ba. Turare ne kawai. Ki watsa, mu tafi gida, abin da ke zuciyarki babu mai tambaya."

Ta durƙusa, idonta a ƙasa. "Baba, ka yafe mini. Da abin da zan iya ne, da ba sai ka faɗa sau biyu ba."

Ka lura ba ta kawo aya ba, ba ta kuma kare kanta ba. Ladabinta bai ragu ba, ƙin nata ma bai ragu ba, kuma a tsakanin waɗannan biyu ne mai karatu zai ji zafin abin.

Lalle ne labarinka ya ƙunshi wanda ya kāsa. Idan kowa ya tsaya, tsayuwar ba ta da daraja. Tarihin ma haka ya nuna, domin bayan da tsananin Desiyus ya lafa, babbar matsalar ikilisiyar Kartaj ita ce yadda za a yi da ɗimbin waɗanda suka miƙa hadaya suka dawo suna kuka a bakin ƙofa. Wasu suka ce kada a karɓe su har abada, wasu suka ce a karɓe su nan take, sai majalisar bishop-bishop ta 251 ta yanke cewa a karɓe su bayan tuba, gwargwadon nauyin abin da kowa ya yi. Shi kansa Sifiriyan ɓuya ya yi a lokacin, yana tafiyar da ikilisiya ta hanyar wasiƙu, aka yi ta zarginsa da gudu, sai a 258 aka fille masa kai a zamanin Kaisar Baleriyan. A ganina babi mafi ƙarfi a irin wannan littafi shi ne ranar da matar wanda aka kashe za ta zauna a taron sujada kusa da wanda ya watsa turaren ya tsira, a miƙo musu gurasa ɗaya. Mai bi ya san Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku kuma aka maido shi, amma sanin wannan a ka daban yake da zama kusa da mutumin, kuma aikin marubuci ne ya nuna tazarar.

Shi ma mai hukunci ka ba shi hankali. A shari'ar Kiristoci 12 na garin Sili da aka yi a Kartaj a shekarar 180, gwamna Saturninus ya yi musu tayin kwana 30 su je su sake tunani, suka ƙi. Mutum ne da ke ganin zaman lafiyar daula ya rataya ne a kan girmama allolinta, annoba da fari da shan kashi a yaƙi kuma sakamakon sakaci da su ne, don haka a idonsa taurin kai yake hukuntawa.

Sai maganar harshe da kayan zamani, inda ƙananan kurakurai ke rushe amincewar mai karatu. Kada a ci masara ko rogo ko tumatir ko attarugu a Kartaj, domin duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Abincinsu alkama ne da sha'ir da man zaitun da ɓaure da kifi. Kada wani ya ce a buɗe sura kaza aya kaza, domin an raba Littafi Mai Tsarki sura sura a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551. Babu mai Littafin a ɗakinsa cikakke; da hannu ake kwafa, sashe sashe, mai karatu na ikilisiya ne ke ajiyewa, akasarin mutane kuma da ka suke riƙe abin da suka ji. Shi ya sa umarnin Kaisar Diyokiletiyan na 303, na a miƙa littattafai a ƙone, ya zama babbar jarrabawa. Rahoton binciken da aka yi a gidan taron masu bi a Sirta, birnin Kustantin na Aljeriya a yau, ya lissafa har da rigunan mata 82 da na maza 16 da aka tarar a ajiye, kuma irin wannan lissafi ya fi dogon bayani nuna yadda jama'ar take. A gidaje ake taruwa, babu ƙararrawa, ba a kuma ƙirga shekara daga haihuwar Almasihu, domin wannan lissafi sai a ƙarni na 6 aka fara shi. Abin da littafi ba zai ba ka ba, Sakkwato za ta ba ka: ka je wurin majema ka ga yadda ake jiƙa fata a kankare ta, ka shaƙi warin, ka kunna fitilar aci-bal-bal a ɗaki ka ga iyakar inda haskenta ke kaiwa, ka tuna zafin watan Afrilu a ɗakin da ba taga sa'ad da kake rubuta kurkuku, domin duhu da zafi da cunkoso su ne abubuwan da Farfetuwa ta fara kuka da su.

Kalmomin ibada ka ɗauko su daga bakin masu bi na Hausa, waɗanda suke da Littafi Mai Tsarki cikakke a harshensu tun 1932: bangaskiya, ikilisiya, baftisma, Jibin Ubangiji, dattawa, 'yan'uwa, alheri, tsanani. Ka guji kiran mutanen Rum arna, domin kalma ce da ta sha raunata mutane a ƙasar nan, har da Kiristocin kansu. Masu bautar gumaka ya wadatar. A Kartaj hukuma da Latin take magana, mutanen karkara da yawa kuma da harshen Funik, saboda haka kana iya ba jami'ai daidaitacciyar Hausa, ka ba manomi da majemi ɗanɗanon Sakkwatanci, da "mi" da "wanga" da "shina", muddin ka yi hakan da girmamawa, kuma wasu daga masu hikimar littafin da shi suke magana.

Wurin azaba ka taƙaita. Layi biyu a kan hannun da ke rawa yayin ɗaura ɗamara sun fi shafi uku na jini, kuma mai karatu da aka cika wa ido da raunuka yakan daina ji. Haka nan mu'ujiza: idan takardun zamanin sun ambaci mafarki ko wahayi, ka ba da shi ta idon wanda ya gani, amma kada ka ƙirƙiri mala'ikan da zai buɗe ƙofa a babin ƙarshe, domin mutanen da kake rubutawa a kansu sun mutu da gaske, kuma darajarsu tana cikin cewa sun tsaya ba tare da an buɗe musu ƙofar ba.

Wanda ke rubutu da Hausa a Sakkwato ya sani cewa da yawa daga masu karanta shi Musulmi ne, abokan makaranta da abokan aiki da maƙwabta, kuma wannan alheri ne ga littafin. Jigon ba baƙo ba ne a wurinsu. Suna karanta labarin mutanen rami a Suratul Buruj, wanda malaman tafsiri da yawa suka danganta da Kiristocin Najran da sarki Zu Nuwas ya ƙone wajen shekarar 523. Sun san Bilal a ƙarƙashin dutse a zafin Makka, sun san Sumayya, sun san Ammar ɗan Yasir da aka azabtar har ya furta abin da ba ya zuciyarsa, sun kuma san cewa Najjashi, sarkin Habasha Kirista, shi ne ya ba Musulmin farko mafaka. Saboda haka kada ka sa wa jami'in Rum rawani a asirce, kada ka ba shi kalmomi ko ɗabi'un da za su sa maƙwabcinka ya ji da shi kake. Idan ka ji a ranka cewa kana rubuta wani babi ne domin ka rama wani abu, ka ajiye shi mako guda ka sake dubawa. Shahidan da kake ba da labarinsu sun yi wa masu kashe su addu'a, kuma a lokacin annobar da ta afka wa Kartaj jim kaɗan bayan tsananin Desiyus, Sifiriyan ya umarci jama'arsa su yi jinyar marasa lafiya har da waɗanda ba masu bi ba. Littafin da ke hura ƙiyayya ya ci amanarsu.

Idan ka kammala, ka ba mutum uku su karanta kafin ka saki ko babi ɗaya a Facebook ko WhatsApp: fasto ko fada wanda ya san tarihin ikilisiya, domin ya duba koyarwa, malamin tarihi, domin ya kama kurakuran zamani, da aboki Musulmi mai faɗa maka gaskiya, wanda za ka roƙa ya ja layi a duk inda ya ji an soke shi ko an yi masa habaici. A ƙarshen littafin ka ƙara shafi ɗaya da ke bayyana waɗanne mutane ne na tarihi, waɗanne ne ka ƙirƙira, da inda ka matsar da kwanan wata domin labari ya tafi. Mutanen tarihi irin su Sifiriyan ka bar su a gefe, su shigo su fita, kada ka saka musu a baki wata koyarwa da ba su yi ba. Jarumin da za ka shiga zuciyarsa ya kasance naka, majemi ko mai saƙa ko baiwa a gidan attajiri. Idan kuma babi babi za ka riƙa saki, ka rubuta littafin duka tukuna, domin masu sharhi za su roƙe ka ka kuɓutar da jarumar ko ka halaka mahaucin, kuma wanda bai riga ya rubuta ƙarshensa ba yakan biye musu.